Babban Burodi Da Ƙaramin Burodi: Darasi Ga Manomi Mai Ƙuri'a



A wani taron ƙungiya da muka halarta bayan kaka, gardama ta kaure tsakanin mutum biyu waɗanda suka daɗe suna zaman lafiya da juna. Ɗaya dattijo ne mai noman shinkafa a fadama. Ɗayar kuwa gwauruwa ce mai 'yar gona, wadda hatsinta ba ya kai ta ƙarshen damuna. Dattijon ya ce, "Mama, in aka bar shinkafar waje tana shigowa haka, ko kuɗin taki ba za mu mayar ba." Ita kuwa ta ce, "Baba, lokacin da aka rufe iyaka, kai ka yi rufin kwano, ni kuwa na rage wa yara tuwon dare." Aka yi tsit, gama kowa ya san dukansu biyu gaskiya suka faɗa.

Wannan gardama ta girme mu. An yi ta a Ingila shekaru aru-aru, har ta tsaga jam'iyyu ta kā da gwamnatoci. Waiwaye adon tafiya. Bari mu ga yadda ta kaya a can, sa'an nan mu faɗi ra'ayinmu.

Mene ne kuɗin fito?

Kuɗin fito shi ne harajin da kwastan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su daga wata ƙasa. Ɗan kasuwan da ya biya shi ba ya haɗiye asara, yakan ɗora a kan farashi. Idan kayan waje suka yi tsada, na gida ma sai su bi su sama. Mai sayarwa ya ji daɗi, mai saye ya ji jiki. Masu son a cire shi suna kiran ra'ayinsu ciniki ba shinge. Masu son a ƙara shi suna cewa kāriya ce ga na gida.

Dokar hatsi ta 1815

Da aka gama yaƙin Napoleon a 1815, Majalisar Ingila ta yi doka cewa alkamar waje ba za ta shiga ƙasar ba sai ta gida ta kai sule 80 kowace kwata. Kwata awonsu ne, ya ɗara buhu biyu na kilo 100 kaɗan. Mafi yawan waɗanda suke zaune a Majalisar masu manyan filaye ne. Yawancin manoman ƙasar haya suke yi a hannunsu, a ƙarƙashin manoman kuma ga 'yan ƙwadago waɗanda ba su da ko taku ɗaya na ƙasa, ba su da ƙuri'a.

Ku lura da inda ribar ta tafi. Alkama ta yi tsada, sai mai fili ya ƙara kuɗin haya. Manomi ya karɓa da dama ya miƙa da hagu. Ɗan ƙwadago kuwa, wanda ya shuka alkamar ya yanke ta, da tsada yake sayen burodinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Doka ce da aka yi da sunan noma, amma aljihun mai fili ta cika.

A 1838 mutanen Mancesta suka kafa ƙungiyar yaƙi da wannan doka. Richard Cobden da John Bright ne suka zama jagororinta. Suka bi gari gari da lacca da ƙasidu. Kada mu ɗauka su ma ba su da aljihu. Dukansu biyu daga sana'ar tufafin auduga suka fito, masu masaƙu kuwa suna son burodi ya yi araha, suna kuma son ƙasashen waje su sayar da hatsi su sami abin sayen yadi. Abokan gābarsu suka ce so suke su rage wa ma'aikata lada.

A zaɓen 1841 jam'iyyar 'Yan Mazan Jiya ta Robert Peel ta ci da goyon bayan masu filaye. A 1845 cuta ta kama dankali a Ailan, yunwa ta shiga. Peel ya sāke ra'ayi, a watan Yuni 1846 aka soke dokar. Wajen kashi biyu cikin uku na 'yan jam'iyyarsa a Majalisa suka juya masa baya, ya sauka daga mulki, jam'iyyar ta rabe biyu. Soke dokar bai ceci Ailan ba, gama kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata mu riƙe: ba a cire kuɗin fiton dare ɗaya ba. An rage shi sannu-sannu har 1849, kowane manomi ya san abin da ke zuwa kafin ya yi shuka.

Masu filaye sun yi ta cewa noma ya mutu. Bai mutu nan da nan ba. Wajen shekara 25 noman Ingila yana cikin albarka. Masifar ta zo ne bayan 1870, lokacin da jirgin ƙasa da jirgin ruwa mai tururi suka fara kwaso alkamar Amurka da araha. Alkamar da ake sayarwa sama da sule 50 ta faɗi ƙasa da sule 23 a 1894. Filin da ake shuka alkama ya ragu da kusan rabi. 'Yan ƙwadago da yawa suka bar ƙauye suka nufi birni, waɗansu suka haye teku. Saboda haka duk mai ce muku buɗe ƙofa ba ya cutar manomi, bai san labarin nan ba.

Zaɓen burodi biyu

Joseph Chamberlain shi ne Sakataren Ƙasashen Mallaka daga 1895 zuwa 1903, watau shi ne maigidan Lugga a Landan sa'ad da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu 1903, da Sakkwato a watan Maris. Wata biyu bayan cin Sakkwato, ran 15 ga Mayu 1903, ya tsaya a Bamingam ya ce lokaci ya yi da Ingila za ta sāke hanya. Daga baya ya bar kujerarsa domin ya bi ƙasa yana wa'azin ra'ayinsa. Abin da ya nema shi ne a sa sule 2 a kan kowace kwata ta hatsin ƙasashen waje, da kashi 5 cikin 100 a kan nama da kayan madara, da kimanin kashi 10 cikin 100 a kan kayan masana'antu, amma a sassauta wa ƙasashen da ke cikin daular Ingila irin su Kanada. Ya yi alkawarin rage haraji a kan shayi da sukari domin a huce. Ya kuma ware masara bai sa mata kome ba, domin ya san masu kiwo da ita suke ciyar da dabbobinsu.

Jam'iyyar Libaral ta amsa masa da hoto ɗaya wanda ko jahili zai gane: ga babban burodi na ciniki ba shinge, ga ƙaramin burodi na kuɗin fito. Aka manna shi a bango ko'ina. Chamberlain ya sa aka gasa masa burodi biyu, ya ɗaga su a gaban taro domin ya nuna bambancin da sule 2 zai kawo bai taka kara ya karya ba. Lissafinsa yana da kan gado, amma matar ma'aikaci ba ta yarda cewa abin zai tsaya a sule 2 ba. Wani saurayin ɗan majalisa, Winston Churchill, ya bar jam'iyyarsa a 1904 saboda wannan magana.

A zaɓen farkon 1906 Libaral ta sami kujeru wajen 400 cikin 670. 'Yan Mazan Jiya da abokansu ba su kai 160 ba. Shugabansu Arthur Balfour, wanda bai daɗe da sauka daga kujerar Firayim Minista ba, ya rasa tasa kujerar a Mancesta. Akwai waɗansu dalilai, kamar rikicin dokar makarantu ta 1902 wadda ta ɓata wa ikilisiyoyi da yawa rai, amma maganar burodi ce ta fi amo. Har a ƙauyuka 'yan ƙwadagon gona, waɗanda suka sami ƙuri'a a 1884, da yawansu suka zaɓi babban burodi, gama su masu saye ne.

Amma tafiyar ba ta ƙare nan ba. Kafin 1914 Ingila tana sayo wajen kashi huɗu cikin biyar na alkamar da take ci. Da yaƙi ya zo, jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa suka riƙa nutsar da jiragen abinci, sai gwamnati ta tuna da manomi. A 1917 ta yi dokar tabbatar masa da farashi. A 1920 ta sabunta alkawarin, ta ce ba za a janye ba sai an ba da sanarwar shekara huɗu. A 1921 farashin duniya ya faɗi, gwamnati ta ga kuɗin da za ta biya, ta soke dokar. Manoman da suka ci bashi suka faɗaɗa gona bisa ga wannan alkawari su suka kwana ciki.

A watan Disamba 1923 Stanley Baldwin ya sāke kai maganar kuɗin fito gaban masu zaɓe, ya rasa rinjayensa, jam'iyyar Leba ta kafa gwamnati karo na fari. Sai a 1932, cikin karayar tattalin arzikin duniya, Neville Chamberlain, ɗan Joseph, ya kawo dokar kashi 10 cikin 100 a kan yawancin kayan waje. Ƙurar ta iso har nan. A 1934 aka ƙayyade yadin Japan mai araha da ke shigowa ƙasashen mallaka, har da Nijeriya, domin masaƙun Ingila su sami kasuwa. Kakanninmu suka biya ƙarin kuɗin tufa saboda zaɓen da ba su jefa ƙuri'a a cikinsa ba.

Amurka ta ɗanɗana nata

A zaɓen 1928 Herbert Hoover ya yi wa manoman Amurka alkawarin ƙarin kuɗin fito a kan amfanin gonar waje. Da maganar ta shiga Majalisa, kowane mai masana'anta ya kawo tasa buƙata. Dokar da ta fito a watan Yuni 1930, wadda ake kira da sunan Smoot da Hawley, ta taɓa kaya iri fiye da 20,000. Masana tattalin arziki fiye da 1,000 suka roƙi Hoover kada ya sa hannu, ya sa. Kanada da waɗansu ƙasashe suka rama. Manomin alkama da na auduga, wanda kasuwarsa take waje, ya ga ƙofofi suna rufewa, kayan aikin da yake saye kuwa an kāre masu ƙera su. A 1932 Hoover ya faɗi, Smoot da Hawley kuma dukansu suka rasa kujerunsu. Da sunan manomi aka fara, wasu suka ci moriyar.

Hanyar mutanen Danmak

Alkamar Amurka da ta karya noman Ingila ta bugi Jamus da Danmak ma. A 1879 Bismarck ya sa kuɗin fito a kan hatsi da ƙarfe, manyan masu filaye na gabashin Jamus suka fi kowa morewa. Danmak kuwa ta bar ƙofarta a buɗe. Manomanta suka ce, tun da hatsi ya yi araha, bari mu ba shanu da aladu, mu sayar da man shanu da nama da ƙwai.

Ƙaramin manomi ba zai iya sayen injin raba mai da madara shi kaɗai ba. Saboda haka a 1882 manoman wani ƙauye da ake kira Hjedding suka haɗa kai suka kafa gidan madara na ƙungiya. Kowa ya kawo madararsa, a biya shi gwargwadon abin da ya kawo, amma a wurin shawara kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, ko shanunsa biyu ne ko hamsin. Madarar da aka cire wa mai a mayar wa mai ita ya ba aladu. A 1887 aka buɗe mayankar ƙungiya ta fari a Horsens. A 1895 aka kafa ƙungiyar fitar da ƙwai, ana buga lamba a jikin kowane ƙwai, in ya fita ruɓaɓɓe a san gidan da ya fito. Zuwa 1900 gidajen madara na ƙungiya sun kai wajen 1,000, man shanun Danmak kuwa ya cika teburin mutanen Ingila.

Ba mu ce ƙasarmu Danmak ce ba. Su suna da babbar kasuwa a ƙetaren ruwa kusa da su, kuma tun 1814 aka wajabta wa yaransu makaranta, har manomansu suna iya karanta littafin lissafin ƙungiya da kansu. Amma abin da suka dogara a kansa yana hannunsu. Faɗuwar wata jam'iyya ba ta iya ƙwace shi.

Mu ma mun gani a gida

A watan Oktoba 1985 aka hana shigo da shinkafa da masara. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. A farkon 1987 aka hana shigo da alkama, manoman rani suka duƙufa, amma abin da aka noma bai kusa isar gidajen burodi ba, fulawa ta riƙa shigowa ta bayan fage, a 1992 aka janye hanin. A 1995 aka janye na shinkafa. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, aka buɗe a Disamba 2020. A watan Yuli 2024 aka ba da sanarwar ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da shinkafa da alkama da wake. A 2025 farashin hatsi ya sauka, manoman da suka sayi taki da tsada suka yi ta kuka. Rufe yau, buɗe gobe, manomi kuwa ba a taɓa tambayarsa ba.

Ra'ayinmu

Na ɗaya, ƙaramin manomi mai sayarwa ne, mai saye ne kuma. Mu ɗauki misali da mutumin da ya sami buhu 10. Da kaka ya sayar da 6 domin kuɗin makaranta da biyan bashin taki, lokacin da kasuwa ta cika farashi yana ƙasa. A watan Agusta rumbu ya ƙare, ya koma kasuwa ya sayi buhu 2 da tsada. Idan kuɗin fito ya tā da farashi, wa ya ci? Wanda hatsin yake hannunsa a watan Agusta, watau mai sito. Abin da mai fili ya zama wa manomin Ingila, shi mai sito da ɗan fasa-ƙwauri suke zama mana.

Na biyu, ba mu yarda da masu cewa a buɗe kome a bar kasuwa ta yi hukunci ba. Manomin da ke noma da fartanya, ba hanya, ba rance mai sauƙi, ba ya iya kokawa da wanda gwamnatinsa take tallafa masa. A 2003 ƙasashen Binin da Burkina Faso da Cadi da Mali sun kai kukan wannan a kan auduga gaban taron ciniki na duniya. Mun kuma ga yadda masaƙun Kaduna da Kano suka rufe, manomin auduga ya rasa mai saye. Ƙasar da ta manta da gonarta, ran tsanani za ta tuna, kamar yadda Ingila ta tuna a 1917.

Na uku, abin da ya fi cutar manomi shi ne sāke doka ba sanarwa. Noma aikin wata shida ne, shinkafar rani da kiwo da gonar itatuwa kuwa aikin shekaru. Mun gwammace kuɗin fito matsakaici, wanda Majalisa ta rubuta, aka sanar kafin ruwan fari, aka faɗi shekarun da zai yi da yadda za a riƙa rage shi, a kan hani na gaba ɗaya wanda yake kiwata masu bin barauniyar hanya. In ya yi yawa, gwauruwar nan za ta rage tuwon dare, kayan kuma za su shigo ta daji duk da haka. In babu shi sam, dattijon nan zai bar fadamarsa. Kuɗin da aka tara kuwa a ga wurin da ya shiga: hanyar ƙauye, madatsar ruwa, sito, iri mai kyau.

Na huɗu, kāriya da ba a yi aiki a bayanta ba hutu ne na ɗan lokaci. Idan shekarun tsada suka wuce ƙungiya ba ta gina sito ba, ba ta sayi injin casa ba, ba ta koyi fitar da shinkafa marar tsakuwa ba, ran da aka buɗe ƙofa za mu koma inda muka fito.

Abin da ƙungiya za ta yi

Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a ya ce zai rufe iyaka, ko ya ce zai kawo abinci mai araha, kada ku tafa masa tukuna. Ku ba shi kujera da ruwan sha, sakatare ya buɗe littafi, ku tambaye shi. Wane kaya yake nufi? Kashi nawa cikin 100? Shekara nawa? Taki da maganin feshi da kayan gyaran injin ban ruwa fa, su ma za su yi tsada? Wa za a ba takardar izinin shigo da kaya? Me ya tanadar wa gidan da ke sayen hatsi a watan Agusta? Ku rubuta amsarsa da kwanan wata, domin ku karanta masa in ya dawo. Romon baka ba ya cika rumbu.

Sa'an nan ku fara daga abin da ke hannunku. A taronku na gaba ku ƙidaya gida nawa ne cikin ƙungiya suka sayar da kaka suka sāke saye da damuna. Ku yi shawara ko kowa zai ajiye buhu ɗaya a siton ƙungiya, a ba shi rance kaɗan a kansa, a sayar tare in farashi ya tashi, a kuma sayar wa 'yan ƙungiya mabukata da rangwame. Ta haka ribar watan Agusta za ta tsaya a ƙauye, dattijon da gwauruwar kuma su sami abin da ya haɗa su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku aiko mana da abin da kuka yanke, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da shi. Allah ya ba mu damuna mai albarka.